Shin Ko Kun San? Rezo Ma Ɗan Jami'a Ne

Shin ko kun san rezon nan da ake hawa tudu a Gangara ana ɗaga salula sama don nemansa, akwai hannun jami'a a haihuwarsa? A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa na Jami'ar Hawaii suka haɗa kwamfutocin tsibiransu ta rediyo, ba tare da an ja waya ba. Sunan tsarin ALOHAnet. Su teku ce ta raba su, mu a Damargu rairayi da nisan gari.

Ko kun san dabarar da salula ke bi ta tsince saƙo daga cikin hayaniyar iska, Andrew Viterbi ne ya fito da ita a 1967, yana malami a jami'ar UCLA? Bai yi mata rajistar mallaka ba, duniya ta ɗauka kyauta. Daga baya, a 1985, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Qualcomm.

Wasu kam sun ci moriyar gumi. Ɗaliban MIT sun fara da ɗaura eriya bisa rufin gidajen unguwarsu, kowane gida na miƙa wa maƙwabcinsa intanet. Aikin ya zama kamfanin Meraki a 2006, Cisco ya saye shi a 2012 kan dala biliyan 1.2.

A 2007, a Benezuwela, Ermanno Pietrosemoli ya harba Wi-Fi tsawon kilomita 382, fiye da ninki biyu na tazarar Damagaram zuwa Tanut. Sai dai daga ƙololuwar dutse zuwa wani dutsen ya yi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai da dogon turke.

Nijar ma ta shiga littattafan masana. Jenny Aker, wadda ta koyar a Jami'ar Tufts, ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu tsakanin 2001 da 2006, ta gano zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dillali na buga waya kafin ya ɗora buhu a mota, shi ke nan. A yankunan Damagaram da Doso kuma an gwada koya wa manya karatu da salula, suka zarce waɗanda aka koya wa da allo da alli kawai.

Filin gwaji namu, binciken kuma ya tafi da sunan wasu. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana nan tun 2010. Malamanta su turo ɗalibai Gangara da eriya da faifan sola, su gwada haɗa ƙauye da ƙauye, in ya yi aiki su yi masa rajista.