Ina Ungulayen Kasuwarmu Suka Tafi?

Idan shekarunku sun haura arba'in, ku tuna da mayankar garinku a zamanin ƙuruciyarku. Kafin mahauta su gama fiɗa, ungulaye sun cika katanga da kan rumfuna, wasu suna tsalle-tsalle a ƙasa suna jiran a watso musu ragowar kayan ciki. Yara na jifansu, mahauta na korarsu, ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Yau ku je wannan mayankar da hantsi ku ɗaga kai. A garuruwa da yawa na ɓangarorin iyaka biyu, daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Kano zuwa Damagaram, mutum kan daɗe bai ga ko ɗaya ba. Karnuka da ƙudaje kuwa suna nan.

Abin da idonku ya lura da shi, masana sun ƙirga shi. Wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasar Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙidayar tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye na daji, irin su miki, sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin da hukuma ke tsaro. Ƙaramar ungulu ta cikin gari, wadda muka fi sani, ita ma ta ragu da kusan rabi. A 2015 aka shigar da ita tare da miki cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya.

Za ku iya cewa to, mene ne ruwan takardar lafiya da tsuntsuwar da ke cin mushe? Ruwanta kuwa babba ne.

Aikin da take yi ba lada

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Idan jaki ko saniya ta mutu a bayan gari, daga can sama take hango ta, wasu kuma su ga saukarta su biyo baya. Cikin 'yan sa'o'i garken ungulaye kan mayar da babbar dabba ƙashi da fata. Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfi ƙwarai, wanda ke hallaka yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, shi ya sa take cin abin da zai kwantar da wata halitta, ita kuwa ta tashi lafiya. Ga shi kuma ba ta shiga gidajenmu, ba ta wasa da 'ya'yanmu, ba ta cizo.

Idan babu ita mushen ba ya ɓacewa, masu cinsa ne ke canzawa. A wani bincike da aka yi a ƙasar Kenya, an ga cewa mushen da ungulaye ba su sauka a kansa ba yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobi irin su dila da kura kuma suna ƙara cuɗanya da juna a kansa. A kusa da gari, kare ne ke gādon wannan abinci. Kare da ya ƙoshi yakan haifi 'ya'ya da yawa kuma su rayu. Shi ne kuma ke kawo kusan duk ciwon haukan kare da ke kama mutane, ciwon da ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, da yawansu kuma yara ne.

Ƙasar Indiya ta riga ta ɗanɗana wannan. A can yawancin jama'a ba sa cin naman shanu, saboda haka idan saniya ta mutu sai a bar wa ungulaye, waɗanda yawansu ya kai miliyoyi. Daga shekarun 1990 makiyaya suka fara yi wa shanu allurar wani maganin zafin jiki mai araha, diklofenak. Saniyar da aka yi wa allura idan ta mutu maganin na jikinta, ungulun da ta ci namanta sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ba a gano sababin ba sai wajen 2004, aka kuma haramta maganin ga dabbobi a 2006. Kafin nan aikin gama ya gama: wani nau'in ungulun ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da mai su suka ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, a wani nazari da suka fitar a 2024, sun kiyasta cewa rashin ungulaye ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

Uwar kuɗi da riba

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin bambancin cin riba da cin uwar kuɗi. Haka lissafin kowace halitta yake: akwai manya masu haihuwa, su ne jari, akwai 'ya'yan da ake samu kowace shekara, su ne riba. Idan abin da ke mutuwa bai wuce abin da ake haifa ba, garke na nan. Idan ya wuce, ko da kaɗan ne, garke ya kama hanyar ƙarewa, sai dai a daɗe ba a lura ba.

Halittu kuwa ba ribarsu ɗaya ba. Zabuwa takan zuba ƙwai masu yawa a damina guda, ɓera yakan haihu sau da dama a shekara. Irin waɗannan ko an rage su, nan da nan suke cikowa. Ungulu ba haka take ba. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, a sheƙar da ta gina a ƙololuwar doguwar bishiya kamar giginya ko kuka ko maɗaci. Ita da mijinta su kwanta a kansa kusan kwana 50, su ciyar da ɗan tsakon wata uku zuwa huɗu kafin ya iya tashi, kuma ba kowanne ke kaiwa ba. Wanda ya tsira ma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa ƙwan. Abin da ke riƙe da irinta shi ne tsawon ran manya. Saboda haka wanda ya kashe babbar ungulu guda ya ci uwar kuɗi ne, ya tafi da ƙwan bana da na baɗi da na shekaru masu yawa. Mushe ɗaya da aka barbaɗa wa guba yana iya kashe gomomi a yini ɗaya, asarar da garken ba zai mayar ba cikin shekaru goma.

Sare manyan bishiyoyi don gawayi da katako yana hana su wurin sheƙa, wannan ma gaskiya ne. Amma babban abin da ke cinye su guba ce da kasuwa. Wani nazari da ya tattara bayanai daga ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa cikin ungulayen da aka san sanadin mutuwarsu, kashi 61 cikin 100 guba ce, kashi 29 kuma fataucin sassan jikinsu ne. Wani lokaci ba su aka nufa ba: makiyayi ya sa maganin ƙwari a mushe don kura ko karnukan da ke yi masa ɓarna, ungulu ta riga su sauka. Wani lokaci kuma da gangan ne, domin kai da ƙwaƙwalwa da ƙafa da gashinta suna da kuɗi wurin masu haɗa maganin farin jini da sa'ar kasuwa da na aljanu. A farkon 2020 an tsinci ungulaye fiye da 2,000 matattu a Gini Bisau, da yawansu an cire kawunansu. Da suka yi ƙaranci a Nijeriya, sai mafarauta da dillalai suka koma nemo su daga Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, su bi da su ta hanyoyin da hatsi da dabbobi ke bi.

A nan akwai wata magana da mai sayarwa ba zai gaya muku ba. Hanya mafi sauƙi ta kama ungulu ita ce guba, kuma gubar takan zauna a maƙogwaro da kayan cikin tsuntsuwar. Wanda aka jiƙa wa ya sha, ko aka turara masa, bai san abin da ya shiga jikinsa ba. Mai farfaɗiya ko taɓin hankali da ake ta kashe kuɗi ana nemo masa kan ungulu, akwai magani a gidan likita da ke sauƙaƙa masa, jinkirin kai shi kuma shi ne ke ƙara tsananta ciwon. Game da sa'ar kasuwa, ku dubi mai shimfiɗar kansa: da kan ungulu yana kawo arziki, da bai wuni a rana yana jiran ciniki ba.

Abin da ke hannunku

Kada ku saya, kada ku karɓi saƙonta a cikin kayanku ko motarku. Fitar da ita daga ƙasa zuwa ƙasa ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen nan duka suka shiga. Masu kiwo, diklofenak ɗin nan yana nan a kantunan magani da tiren 'yan talla. Kada ku ba dabba, ku tambayi likitan dabbobi, akwai meloksikam wanda aka tabbatar ba ya cutar da ungulu. Idan akwai sheƙa a bishiyar gonarku, ku bar bishiyar.

Tun da kuma masu sharar sun yi ƙaranci, sharar ta dawo kanmu. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a sayar da nama ko fatarta, domin tana iya zama ciwon saifa na dabbobi, wanda ke kama mutum. A sanar da ma'aikatan dabbobi, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta. Sarkin fawa da shugabannin kasuwa su sa ido kada a riƙa zubar da kayan ciki inda karnuka ke taruwa. Idan kun tarar da ungulaye da dama matattu wuri ɗaya, kada ku taɓa su, ku hana yara da dabbobi zuwa wurin, ku kira ma'aikatan gandun daji.

Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sa'an nan a tafi gidan likita a ranar domin allurar rigakafin haukan kare, ko da raunin ƙarami ne. Kada a jira a ga alama, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana, magani ba ya ceto.