BABI NA UKU: TSARIN DIREBAN TASHAR USB TA KWAIKWAYO A ZUCIYAR LINUX

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin babbar manhaja da kuma zuciyarta, wato sashen da yake riƙe da ragamar ƙwaƙwalwar kwamfuta da dukkan na'urorin da aka jona mata. A wannan babi kuwa, za a duba yadda ake gina direba a cikin wannan zuciya domin sarrafa na'urar USB wadda ba ta jone a jikin kwamfutar, tana can jikin wata kwamfuta daban. An zaɓi tsarin USB/IP na Linux ya zama abin nazari, saboda rubutunsa a buɗe yake ga duk mai son karantawa.

3.1 Yadda Layin USB Yake Aiki

USB layi ne da bayanai suke bi a jere, ɗaya bayan ɗaya. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a shekarar 1996 da gudun da bai wuce megabit 12 a daƙiƙa ba. A shekarar 2000 aka kai shi 480, sannan a 2008 ya kai gigabit 5. Duk da wannan ci gaba, tushen tsarin bai sauya ba. Kwamfuta ita ce mai fara magana, na'ura kuwa sai an tambaye ta take amsawa. Sashen da yake gudanar da wannan tambaya shi za a kira sarkin tasha a cikin wannan aiki, domin kamar yadda mota ba ta tashi sai da izninsa, haka bayani ba ya hawa layi sai ya ba shi lokaci.

Idan direban wata na'ura, alal misali firinta, yana son aika bayani, sai ya cika wata takardar buƙata da ake kira URB, ya miƙa ta ga direban sarkin tasha. Takardar tana ɗauke da adireshin na'ura, da irin jigilar da ake so, da mazubin da bayanin yake ciki. Jigilar iri huɗu ce: ta umarni, da ta kaya masu yawa, da ta ɗan saƙo akai-akai irin na allon rubutu, da kuma ta ƙayyadadden lokaci irin ta sauti da hoton bidiyo.

3.2 Asalin USB/IP

Takahiro Hirofuchi da abokan aikinsa na Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Nara da ke ƙasar Japan su ne suka gabatar da wannan tsari a shekarar 2005. Ya shiga ɓangaren gwaji na zuciyar Linux a 2008, kuma ya zama cikakken sashe nata a 2014. Hikimar da ke ciki ita ce, tun da direbobin na'urori ba su san kowa ba sai sarkin tasha, to ana iya naɗa musu na kwaikwayo wanda zai karɓi takardunsu, amma maimakon ya ɗora su a kan waya, sai ya tura su ta hanyar sadarwa zuwa kwamfutar da na'urar take jone da ita. Ke nan akwai ɓangarori biyu: mai ba da aro, wadda take sauraro a ƙofar TCP mai lamba 3240, da kuma mai aro, inda direban da ake kira vhci-hcd yake zaune. Shi ne wannan babi ya fi mai da hankali a kai.

3.3 Ayyukan Direban

Aikin farko shi ne direban ya yi rajista da zuciya a matsayin sarkin tasha, ya kuma kwaikwayi kafofin da ake soka na'ura. Idan aka ƙulla alaƙa da kwamfuta mai ba da aro, sai ya sanar cewa an soka wani abu a kafa kaza. Daga nan zuciya za ta fara tambayar na'urar sunanta da irinta kamar yadda ta saba. A nan akwai wani abin lura. Zuciya takan ba sabuwar na'ura adireshi, alhali wannan na'ura ta riga ta sami adireshi a inda take. Saboda haka direban ba ya tura wannan umarni, shi da kansa yake amsa cewa an yi.

Aiki na biyu shi ne karɓar takardu. Ana iya kiran direban a lokacin da zuciya take cikin halin da ba a yarda kowa ya tsaya jira ba, alhali aika saƙo ta hanyar sadarwa yana iya buƙatar jira. Don haka direban ba ya aikawa nan take. Yakan ba takardar lambar jeri, ya sa ta a layi, ya tashi wani ƙaramin ma'aikaci da aka keɓe don aikawa. Akwai kuma na biyu wanda aikinsa karɓar amsa ne kawai. Kowane saƙo yana farawa da kai mai bayit 48, kuma da lambar jerin da ke cikinsa ake gane takardar da amsa ta shafa, a mayar wa mai ita.

Aiki na uku shi ne soke takarda. Direban na'ura yana iya fasa buƙatarsa, sai a aika saƙon sokewa zuwa ɗaya ɓangaren, a jira tabbaci.

3.4 Matsalolin da Mai Ginawa Yake Fuskanta

Ya kamata a tuna cewa kuskure a cikin zuciya ba daidai yake da kuskure a ƙaramar manhaja ba. Ƙaramar manhaja idan ta faɗi ita kaɗai take faɗuwa, amma direba idan ya taɓa ƙwaƙwalwar da ba tasa ba, yana iya tsayar da kwamfutar baki ɗaya, aikin da ba a adana ba ya salwanta.

Matsala ta farko ita ce karo tsakanin sokewa da amsa. A ɗauka an aika saƙon soke takarda mai lamba 7, alhali amsarta ta riga ta kamo hanya. Idan mai karɓa ya mayar da takardar saboda amsa ta iso, sannan ya sake mayar da ita saboda tabbacin sokewa ya iso, to a karo na biyu yana taɓa wurin da mai yiwuwa an riga an ba wani. Maganin wannan shi ne a cire takardar daga layi a ƙarƙashin kulle kafin a mayar da ita, ta yadda wanda ya zo daga baya zai tarar babu ita, ya wuce.

Matsala ta biyu ita ce yankewar hanya. Wayar USB idan aka zare ta, nan take ake sani. Hanyar sadarwa kuwa tana iya yin shiru ba tare da sanarwa ba. Da zarar an tabbatar ta yanke, wajibi ne direban ya mayar da duk takardun da suke jira tare da alamar gazawa, ya kuma sanar cewa an zare na'urar. In ba haka ba, masu jiran amsa za su yi ta jiran gawon shanu.

Matsala ta uku ita ce yarda da abin da ya fito daga waje. A shekarar 2016 an gano cewa sashen karɓa na USB/IP yana amincewa da tsawon bayanin da saƙo ya ambata ba tare da ya auna shi da girman mazubi ba, wanda hakan ya ba mugu damar yin rubutu ya zarce iyaka a cikin ƙwaƙwalwar zuciya. An toshe wannan kafa, amma darasin yana nan: duk lambar da ta zo daga hanya sai an tantance ta. Bugu da ƙari, tsarin shi kansa ba ya ɓoye saƙo, ba ya kuma tantance mai aro, don haka ba a sake shi a hanyar da ba a amince da ita ba.

Matsala ta huɗu ita ce jinkiri. USB yana raba lokaci zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, mai saurin ma yakan sake raba wannan gida takwas. Jigilar kaya masu yawa tana jure jinkiri, amma sauti da bidiyo sukan yi tsinke-tsinke idan hanya ta yi nisa.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa direban tashar kwaikwayo yana tsaye ne tsakanin zuciya mai zaton waya ce a gabanta, da hanyar sadarwa mai jinkiri da yankewa. An kuma ga cewa ingancinsa ya rataya a kan mayar da kowace takarda sau ɗaya tak, da tantance duk abin da ya shigo. A babi na gaba za a kawo hanyoyin da ake bi wajen gwada irin wannan direba.