Yadda OSPF ke zaɓa wa bayanai hanya

A tsarin OSPF, kowace na'urar rauta tana sanar da sauran halin da layukanta ke ciki, har duka su mallaki taswira iri ɗaya. Sai kowacce ta lissafa hanya mafi sauƙi da dabarar Dijkstra, wadda aka wallafa a 1959.

Wajen saiti ake tuntuɓe. Na'urori biyu ba sa ƙulla maƙwabtaka sai lambar yankinsu ta zo ɗaya, haka ma lokacin gaisuwar da suke aika wa juna: yawanci duk daƙiƙa 10, in aka ji shiru na daƙiƙa 40 a ɗauka layin ya mutu. A na'urorin Cisco da yawa kuwa, ma'aunin asali da ake auna layuka da shi megabit 100 ne, shi ya sa ba sa fifita layin gigabit a kan na megabit 100. Wannan kam a gyara shi tun ranar farko, a kowace na'ura.