Hayar Mota a Ƙasashen Waje: Katin Banki Shi Ne Jingina

JALINGO — Ɗan kasuwar da ya saba ɗaukar shatar mota daga Jalingo zuwa Wukari, ko Gembu, ko Yola, ya san yadda cinikin yake tafiya. Za a daidaita da direba, a ba shi kuɗin mai, a cika masa saura idan an dawo. Tun da motar tana hannun mai ita ko yaronsa, babu wanda yake neman jingina.

A ƙasashen Turai da Amurka da Dubai al'amarin ya sha bamban. Can kamfani ne zai miƙa wa baƙo makullin mota ta dubban daloli ya tuƙa da kansa, kuma abin da kamfanin yake riƙewa a madadin motar shi ne katin bankin baƙon. Saboda haka mutum yana iya isa kantar kamfanin da daloli cike da aljihu, amma a hana shi mota domin katin da ke hannunsa ba irin wanda ake so ba ne.

Manyan kamfanonin hayar mota, irin su Hertz da Avis da Europcar da Sixt, sukan nemi bankin mai haya ya ɗaure wani adadi na kuɗi a kan katinsa kafin su saki mota. Ba a cire kuɗin ba, amma mai katin ba shi da ikon taɓa su har sai ya mayar da motar lafiya. Daga cikinsu ne kamfanin zai ɗauki diyya idan an ƙuje motar, ko an dawo da tanki ba a cike ba, ko kuma wata tarar hanya ta biyo baya. Yawan kuɗin ya danganta da ƙasa, da girman motar, da irin inshorar da aka saya.

A nan ne bambancin katuna yake fitowa. Katin bashi, wato wanda banki yake ba mutum damar kashe kuɗi zuwa wata iyaka ya biya daga baya, shi kamfanonin suka fi so, domin bankin ya riga ya binciki mai shi, kuma jinginar tana fita ne daga iyakar bashin. Katin cirar kuɗi kuwa, wanda shi ne a aljihun akasarin masu kati a Nijeriya, abin da ke cikin asusu kaɗai yake ɗauka. Wasu rassan kamfanonin suna karɓarsa bisa ƙarin sharuɗɗa, kamar nuna tikitin jirgin komawa gida, wasu kuma ba su karɓa sam, musamman ga manyan motoci.

Alal misali, wanda ya tafi da dala 1,500 a asusunsa, aka cire 400 na haya, aka kuma ɗaure 600 na jingina, saura dala 500 ke nan ya rage masa na masauki da abinci. Bugu da ƙari, sakin kuɗin yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, bayan an mayar da motar. A Dubai kamfanoni sukan jinkirta da gangan domin jiran kuɗin shingen hanya na Salik da tarar kyamarori.

Ga matafiyi daga Nijeriya akwai wani shinge na biyu. A shekarar 2022, sakamakon ƙarancin kuɗaɗen waje, bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a ƙetare zuwa dala 20 a wata, daga bisani suka dakatar da shi baki ɗaya. A watan Yuli na 2025 wasu bankuna, ciki har da GTBank da UBA da Wema, suka sanar da sake buɗe wannan ƙofa, amma kowane banki da tasa iyaka. Jinginar mota ɗaya tana iya cinye iyakar, ko ma ta haura ta, kati ya ƙi aiki alhali asusu yana cike da naira.

Katunan Verve da AfriGo, wanda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a watan Janairu na 2023, ƙarfinsu yana ga hada-hadar cikin gida ne. Sharuɗɗan kamfanonin hayar mota na waje galibi Visa da Mastercard da American Express suke ambata. Har ila yau, a watan Fabrairu na 2024 Babban Bankin ya umurci bankuna su riƙa biyan guzurin matafiya ta kati ko wata hanyar lantarki maimakon tsabar kuɗi. Idan katin guzurin irin wanda ake zuba wa kuɗi ne ba tare da asusu a bayansa ba, kamfanoni da yawa ba su yarda da shi a matsayin jingina.

Sharaɗi na gaba shi ne suna. Wajibi ne katin ya kasance a hannu, ba hotonsa ko lambarsa a waya ba, kuma sunan da ke kansa ya dace da na fasfo da lasisin wanda zai tuƙa. Katin maigida ba ya yi wa yaronsa, na wa ba ya yi wa ƙane. Wanda ya biya kuɗin haya ta intanet tun daga Jalingo, sa'an nan aka ƙi katinsa a kanta, yana iya rasa motar da kuɗin duka, domin sharuɗɗan dillalai da yawa sun ɗora laifin a kan mai haya.

Mafita ita ce a gama shiri tun a gida. Mai asusun dala ya nemi katin Visa ko Mastercard a kan asusun, mai yawan tafiya kuma ya nemi katin bashi na dala, wanda samunsa yakan ɗauki lokaci saboda binciken banki. A tambayi reshen banki iyakar kashewa ta rana da ta wata, a sanar da shi ƙasar da za a je, a kuma tabbatar layin wayar da saƙon banki yake shigowa zai yi aiki a can. Sa'an nan a karanta sharaɗin kati na ainihin reshen da za a ɗauki motar, domin kamfani ɗaya yakan bambanta ƙa'ida daga gari zuwa gari.

Kati kaɗai kuma bai isa ba. Kamfanoni da yawa suna neman lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na Nijeriya, suna kuma ƙara kuɗi ga direban da bai kai shekara 25 ba. Ƙasar Sin ba ta amince da lasisin ƙasa da ƙasa ba, don haka masu zuwa saro kaya Guangzhou za su iya ɗaukar mota da direbanta, kamar dai yadda suka saba yi a tashar Jalingo.