Tsiron Fan: Ɗan Kurmi a Cikin Falo

Masu sayar da furanni sun san ƙorafin: an sayi tsiron fan kore shar, ana ba shi ruwa kullum, amma ko wata bai rufa ba bakin ganyen ya ƙone. Sau da yawa laifin ba na ban ruwa ba ne, na iskar ɗakin ne.

Fan tsohon tsiro ne, danginsa sun haura shekara miliyan 300 a doron ƙasa. Ba ya fure, ba ya iri. Ɗigo-ɗigon nan masu launin ƙasa da ke bayan ganyensa, waɗanda wasu ke ɗauka cuta ce, su ne ma'ajiyar garin ƙwayoyin da yake yaɗuwa da su. Wanda aka fi gani a gidaje shi ne fan ɗin Boston, mai dogayen ganye masu zubowa, wanda ya yi suna a Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19. Asalin danginsa kuwa dazuzzukan wurare masu zafi ne, inda inuwa da laima ba sa yankewa.

Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya gano muhimmancin laimar nan a 1829. Hayaƙin kwal na birnin ya yi ta kashe masa fan a lambu, sai ga ɗaya ya tsiro da kansa cikin rufaffiyar kwalba mai danyar ƙasa. Tururin da ke tashi yakan taru a jikin gilashi ya sake gangarowa. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashin da suka kai tsirrai har Ostiraliya ta jirgin ruwa ba su mutu ba.

Don haka mai fan a Kano ko Maraɗi, babban abokin gabarsa hunturu ne. Idan iska ta bushe, ganye yakan zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa. Ƙara ruwa a tukunya ba ya magance wannan, sai ma ya ruɓar da saiwar. Abin yi shi ne a zuba tsakuwa a faranti, a sa ruwa, a ɗora tukunyar a kai ba tare da gindinta ya nutse ba. A tara shi wuri guda da sauran tsirrai, a nisanta shi da fanka da na'urar sanyaya ɗaki.

Yana son haske amma ba ya jure rana kai tsaye, saboda haka gefen taga mai labule ya fi masa. Tukunyar ta kasance mai huda, ƙasar kuma mai ruɓaɓɓen ganye, a riƙa taɓa ta da yatsa: da zarar samanta ya fara bushewa sai a ba shi ruwa. Ruwan sama ya fi na rijiya mai kanwa. Taki kaɗan ya isa, da damina.

Idan ya cika tukunya, a ciro shi a raba saiwar gida biyu ko uku. Kowane kashi zai zama tsiro mai zaman kansa, har maƙwabta su samu.