Gudun Famfalaki Na Farko: A Kilomita 30 Ake Sanin Gwani

'Yan'uwa, saurayin da ya saba zuwa kasuwar Rano a ƙafa daga Zinyau yakan ɗauka gudun famfalaki wasa ne. Ina! Tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil.

A shekarar 2016 aka fara babban gudun nan na birnin Legas, cikin watan Fabrairu. An tashi da sassafe daga filin wasa na Surulere, aka haye gadar Third Mainland, aka ƙare a Eko Atlantic. Ɗan Kenya ne ya zo na ɗaya.

Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne zumuɗi. Jama'a na tafi, jiki garau, sai ya zuba da gudu tun daga farko. To, amma ƙarfin da jiki ya ajiye cikin tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30. Daga nan ƙafa ta yi nauyi kamar turmi, cinya ta ɗaure, jiri ya taso. Yana ji yana gani dattijo mai furfura, wanda ya fara sannu, zai wuce shi. Ga kuma zafin Legas mai sa zufa, alhali yaronmu cikin hunturu ya baro gida.

Mai niyyar zuwa ya soma shiri aƙalla wata huɗu kafin ranar, yana ƙara nisa mako-mako. Ya kurɓi ruwa duk inda ake rabawa a hanya. Kada kuma ya kuskura ya sa sabon takalmi ranar gudu. Bororon da zai fito masa a ƙafa kaɗai ya isa ya zaunar da shi bakin titi.