IDAN KWAMFUTA TA ƘI KARƁAR MANHAJA, INA CIWON YAKE?



Mas'alarmu a wannan fitowa ita ce ta kwamfutar da aka zo ɗora mata babbar manhaja, wato Windows ko Linux, sai ta cije. Wata takan tsaya cak a tsakiyar aiki, wata fuskarta ta rine shuɗi, wata kuma ta mutu ta tashi da kanta. Abin da mafi yawan mutane ke yi shi ne su goge su sake ɗorawa, har sau huɗu ko biyar, daga nan sai a yanke hukunci a ce na'ura ta mutu. Alhali sau da yawa ƙarfe ɗaya ne kacal a cikinta yake da illa, kuma ana iya gano shi ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Kafin a taɓa komai akwai sharuɗɗa uku. A kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri, domin ɗora manhaja yakan share abin da ke ciki. A zare wayar wuta, a taɓa wani ƙarfe da hannu kafin a taɓa kayan ciki. Sannan a riƙa canja abu ɗaya a kowane gwaji, a fara da mai araha. Wanda ya canja abu uku a lokaci guda, ko ta tashi bai san wanne ne ya warkar da ita ba.

Ga wata alama mai fa'ida: a lura da inda aikin ke tsayawa. In kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, to a fara tuhumar filashi ko faifan ajiya. In kuwa yau nan gobe can, a tuhumi ram, ko zafi, ko wuta.

Na ɗaya: filashin da aka ɗauko manhajar a kai. Windows na bukatar filashi mai aƙalla gigabait 8. Akwai na jabu a kasuwa, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, sai su lalata abin da aka zuba musu. A sauya filashi, a sake zuba manhajar, a kuma gwada wata kafar USB. A kwamfutar tebur, kafofin baya sun fi na gaba aminci.

Na biyu: ram. Ku ɗauki ram kamar allonku na makaranta: a rubuta, a karanta, a wanke. Faifan ajiya kuwa shi ne littafin da ake kwafe karatu a ciki ya zauna. Yayin ɗora manhaja, duk abin da ya fito daga filashi sai ya bi ta kan allon nan kafin ya shiga littafi. To in allon yana da tsaga, harafin da ya faɗa kan tsagar zai shiga littafi a gurguje. Wannan shi ne sababin da kwamfuta za ta yi watanni tana ƙananan ayyuka lafiya, amma ranar ɗora manhaja asirin ram ya tonu, don a ranar ne ake cika shi da aiki. Lambar kuskure 0x8007025D da Windows ke nunawa takan zo daga ram ko daga filashi.

Maganin farko shi ne a zare ram, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya a hankali, a mai da shi har maƙallan su kama. In guda biyu ne, a gwada kowanne shi kaɗai. Akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna Memtest86+, wadda ke tashi daga filashi ta bincike ram lungu-lungu. A bar ta ta zagaya sau da yawa, ko da kwana za ta yi. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja.

Na uku: faifan ajiya. Nan a yi hattara, domin nan ne aka fi yin asarar kuɗi. In an zo wurin zaɓar faifai ba a gan shi ba, kada a yi gaggawar sayen sabo. A shiga BIOS tukuna, wato shafin saiti da ake buɗewa da F2 ko Del da zarar an kunna. In BIOS ya ga faifan, to yana raye. Galibi saiti ne, kamar RAID a maimakon AHCI, ko VMD a sababbin kwamfutocin Intel. In BIOS ma bai gan shi ba, a duba wayoyinsa, wataƙila sun yi sako-sako. Amma faifan da ke ƙara ƙas-ƙas, ko wanda rahoton lafiyarsa da ake kira SMART ya yi gargaɗi, wannan ya kusa tafiya. A ceci abin da ke ciki, a sauya shi.

Na huɗu: zafi da wuta. Furosesa kan kashe kanta idan zafinta ya wuce iyaka, don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sai na'ura ta mutu ana tsakar aiki. A hure ƙurar, a tabbatar fanka na juyawa, kuma kada a ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko darduma. Haka nan kada a fara aikin da batir mai rauni ko wuta mai rawa. Ku kuma yara, akwatin wutar da ke cikin kwamfutar tebur ba a buɗe shi, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Na biyar: ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. In kwanan wata na komawa baya duk sanda aka kunna, shi ne ya ƙare, kuma saitin BIOS kan ɓace tare da shi.

Tambihi: wani ƙin ba ciwo ba ne, sharaɗi ne. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman ram gigabait 4, faifai mai gigabait 64, da kariyar TPM 2.0, kuma ba ta yarda da mafi yawan furosesar Intel da suka gabaci zubi na 8 ba. Tsofaffin kwamfutoci da yawa na gwanjo ba su cika waɗannan ba, ga shi kuma Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Irin wannan na'ura lafiyarta ƙalau, kuma Linux Mint na iya tafiya a kanta ko da ram gigabait 2.

In an bi duk waɗannan ba a dace ba, sai a kai wa mai gyara, wataƙila illar tana babban farantin da ake kira mazabod. Iyayenmu, a je da takarda ɗauke da lambar kuskuren, da inda aikin ke tsayawa, da abin da aka riga aka gwada. In ya ce a sayi wani ƙarfe, a nemi ya nuna gwajin da ya kama tsohon da laifi, kuma a karɓo tsohon faifai a dawo da shi gida, don sirrin iyali na cikinsa.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.